Gizagonka Zai Tafi Kanada

Zuwa ga Yayana Audu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ko da ƙasa ta rufe wan, na kawo maka labari ne a kan gizagonka na sassaƙar ƙaro.

Yana hannuna tun ranar da ka rako ni mota zan taho Hajji. Ban koma ba, ka sani. Na yi dako a tashar jiragen ruwa har bayana ya ƙi. Yanzu ni kaɗai nake a ɗaki a unguwar Kurayyat ta Jidda, kuma ɗana Umar zai mai da ni gidansa a Aziziyya. Da ya zo haɗa kaya, sai ya jefa gizagon cikin tarkacen da za a zubar. Ya ce halas, wato ya gama aiki, tsohon ƙarfe ne. Ban iya yi masa gardama ba. A Jidda aka haife shi, bai taɓa ganin dakwara, itacen ƙaro, ba.

Ka tuna yadda muke shiga daji bayan kaka, in ganye ya fara zuba? Kai kake saran ɓawo, ni in ɗaye shi, mu dawo bayan makonni da ƙwarya mu kwashi ƙaron. Kullum kana cewa, ɓawo muka zo nema, kar ka taɓa itacen.

To, jikata Khadija tana aure a Kanada. Shekaranjiya ta kira ni ta waya mai hoto daga gonar wani tsoho. Suna da bishiya mai suna mapul. Sukan huda ta da ƙarfen hannu, su cusa ɗan bututun katako, su rataya bokiti mai murfi. Ruwan da ya ɗiga su dafa shi a faffaɗan kasko har ya yi kamar zuma.

Ina kallo sai na hango wata siririya an rataya mata bokiti biyu. Na ce ta faɗa wa mai gonar wannan ba ta kai ɗaukar rauni biyu ba. Tsohon ya je ya auna ta da hannuwansa. Ya zare bututu ɗaya. Sannan ya tambaya a ina na yi aikin mapul.

Yaya, ni da ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Na ce a gaya masa sunanka.

Khadija ta tambaye ni da me muke aikin ƙaro. Na rarrafa na tono gizagon daga cikin tarkacen, na nuna mata. Ta ce kar wanda ya taɓa mata shi, nata ne. Jiya na wasa shi. Umar da kansa ya nemo kwalin da za a aika mata da shi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara, Ya sada mu ba da tsoro ba.

Ƙanenka da ke hanya,
Ilu