Kwaɗon Baba Injiniya

Litinin, 3 ga Maris

Baba Injiniya, babban injiniyan ofishinmu, ya yanke jiki ya faɗi ranar Asabar, a ƙofar banɗakinsa. Shanyewar ɓarin jiki, in ji Manaja. Hannun dama, ƙafar dama, da baki. Yana asibiti.

Kowa a ofis ya yi salati, ni ma na yi. Amma ko zama ban gama yi ba na buɗe foldar ofis, don na san abin da zan tarar. Ga shi kuwa: rahoton ɗakin kwanan 'yan mata na wata makaranta da muke wa aiki, da alamar ɗan kwaɗon kullewa a jikinsa, da sunan Baba a gefe.

Ni na matsa bara aka kwashe takardun ofis daga kabad aka zuba su a rumbu ɗaya. Yanzu rumbun yana fitowa a kwamfutar kowa kamar kowace folda. Ka buɗe ka duba, ko ka rubuta kalma a gurbin nema ya fito maka da duk takardar da ke ɗauke da ita. Sharaɗi ɗaya ne kawai. In za ka gyara fayil sai ka ɗauke shi da sunanka, kwaɗo ya hau, kowa yana iya gani amma ba mai iya taɓawa sai ka mayar. Kowa yana mayarwa. Ban da Baba. Shi a ganinsa aljihun tebur aka ba shi mai makulli. In na je na ce Baba a saki fayil, sai ya leƙo ni ta saman tabarau: “Bar shi, 'yata, ban gama ba.” Tun daga lokacin ba ma ga maciji.

Alhamis makarantar ke son rahoton. Tun da bangon ya tsage yaran a ajujuwa suke kwana, ana so a mayar da su ginin kafin ƙarshen mako.

Talata, 4 ga Maris

Manaja ya kira ni ko jakata ban ajiye ba. “Ke ce mai ikon rumbun nan, ko ba haka ba? Fasa kwaɗon, in sa hannu, mu aika.”

Rahoton da ke cikin rumbu cikakke ne, Baba da kansa ya rubuta shi makon jiya. Yana cewa tsagar a filasta ta tsaya, a shafe a yi fenti, gini lafiya lau. To in haka ne me ya sa ya sake ɗaukarsa ranar Juma'a?

Na tambayi Dogo, mai kula da kwamfutocinmu. Ya ce duk abin da Baba ya gyara tun Juma'a yana cikin laftof ɗinsa, bai shigo rumbu ba. In na fasa kwaɗon, tsohon rahoton ne zai tsaya a matsayin na ƙarshe. Ya faɗa yana ɓare gyaɗa, ko a jikinsa.

Ina tuna Juma'ar. Baba ya fita bayan azahar bai ce wa kowa ga inda za shi ba. Ya dawo da ƙurar siminti a gwiwar wandonsa. Shayin da aka kai masa ya huce a kan tebur. Na wuce ta bayansa na ji yana magana shi kaɗai, wai “bai kwanta mini ba.” Na zaci ni yake yi wa mita kamar kullum, na ƙara sauri.

Talata, bayan la'asar

Na yi ta gwada kalmomi a gurbin nema har na kai ga “ginshiƙi”, na jera abin da ya fito bisa kwanan wata. A can sama, hotuna 'yan kaɗan, ranar Juma'a aka zuba su. A ɗaya akwai hannun Baba, na gane zobensa, ya cusa makullin motarsa cikin tsagar wani ginshiƙi. Makullin ya shige har wuya.

Na kai wa Manaja. Ya kalla, ya kalle ni. Ya ce tsagar da ke cikin rahoto ce, ba wata sabuwa ba. “Ke injiniya ce?” Na ce a'a. Gaskiya ce kuma, ban san komai a kan ginshiƙi ba. Ya ce makarantar nan ita ce babbar mai ba mu aiki, in muka saɓa musu lokaci wasu na nan a bakin ƙofa. Ya ba ni zuwa safiyar Alhamis. In ban fasa ba zai sa Dogo ya karɓe ikon daga hannuna, “sannan mu yi wata maganar ni da ke.”

Na san wace magana ce.

Baban yara ya ce aikina ajiye takarda ne, ba riƙe gini ba. Ba da faɗa ya faɗa ba, tsoro ne. Na zuba masa abinci ban amsa ba. Ni ma tsoron nake ji.

Laraba, 5 ga Maris, da safe

Na buɗe inda ake fasa kwaɗo. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata. Na rufe.

Laraba, da yamma



Lokacin cin abinci na sulale na tafi asibiti. Matar Baba na zaune a kujerar roba gefen gado, da flas da darduma a ƙarƙashi. Ban taɓa ganinta ba sai yau. Na durƙusa na gaishe ta, na ce daga ofis. Ta ce, “Ke ce mai kwaɗo?” Ashe har gida yana kai ƙarata. Na rasa inda zan sa fuskata, ita kuwa ta yi 'yar dariya ta jawo mini kujera.

Baba ya rame a kwana huɗu kamar an yi wata. Bakin ya karkace. Amma idon nan nasa ne, ko ba tabarau haka ya leƙo ni.

Na ce, Mama, laftof ɗinsa nake nema. Ta ce yana cikin jakar da ke ƙarƙashin gado, tun Lahadi yake nuna ta da hannun hagu, su kuwa sun zaci carbi yake so. Muka fito da shi. Ba ta san lambar sirri ba, da yatsa yake buɗewa. Yatsan dama.

Muka tsaya muna kallon juna. Na ce, Baba, ka yarda? Ya yi wani sauti daga maƙogwaro. Mama ta ɗaga hannun, ya zo mata da nauyi kamar jiƙaƙƙen tufa, ta miƙar da yatsan ta ɗora. Bai karɓa ba. Ta goge yatsan da gefen mayafinta tana cewa, “Haba Malam, taimaka mana,” ta sake ɗorawa. Ya buɗe.

Rahoton ne a buɗe a allon, yadda ya bar shi. Ya goge sakin layin filasta da fenti gaba ɗaya. A wurinsa ya rubuta:

“Tsagar ginshiƙin da ke ƙarƙashin tankin ruwa ba ta filasta ba ce. Kafin a mayar da yara dole a”

Shi ke nan. Ko aya babu.

Na haɗa laftof ɗin da intanet ɗin wayata. Saura in danna “mayar” ya shiga rumbu kowa ya gani. Sai hannun hagunsa ya kama bakin hijabina, da ƙarfi. Yana ta ƙoƙarin magana, miyau na zubowa. Mama ta sunkuya ta saurara, ta ɗago idonta ya cika. “Wai bai gama ba.”

Na ce na sani, Baba. Na ce in ban mayar ba gobe tsohon za a aika, yaran su koma ginin. In mayar? Ya daɗe yana kallona, sannan ya rufe ido ya saki hijabin. Ban sani ba ko yarda ce ko gajiya. Na danna.

Kwaɗon ya ɓace. Shekara guda ina roƙon mutumin nan ya saki fayil, yau ya saki, ni kuma na fita baranda na yi kuka kamar wata yarinya.

Alhamis, 6 ga Maris

Manaja ya karanta a tsaye. “Wannan ai rabin magana ce.” Na ce haka ne. Ya ce wa ya aike ni asibiti. Amma yanzu sabon ne a sama cikin rumbu, da sunan Baba da kwanan wata, duk wanda ya buɗe foldar shi zai fara gani. Ba zai iya sa hannu a tsohon ba ya ce bai sani ba.

Ya rufe ƙofa ya kira makarantar. Ta bango muna jin muryar shugabar, ba ta bar shi ya kai ƙarshen ko jimla ɗaya ba. Da ya fito ya tura Ƙaramar Injiniya, mai bi wa Baba a ofis, wurin ginin da guduma da kurfin fasa siminti. Bai kalli inda nake ba.

Har aka tashi ina jiran “wata maganar”. Ba a yi ba. Wataƙila gobe.

Juma'a, 7 ga Maris

Ba a yi ba. Ba ya amsa gaisuwata dai.

Litinin, 10 ga Maris

Ƙaramar Injiniya ta ce da ta fasa filastar, rodin ciki ya ci tsatsa, da hannu take ɓarɓashe shi. Tankin ya daɗe yana yoyo a kansa. An zubar da ruwan, an tokare wurin da ƙarafa. Yaran suna nan a ajujuwa, iyaye na ta ƙorafi.

Ta faɗa a ɗakin shayi, kowa ya ce Allah ya kiyaye, aka koma hirar ƙwallo. Ni kuwa na tashi na je banɗaki na zauna ni kaɗai.

Alhamis, 20 ga Maris

An sallami Baba. Yana iya cewa “ruwa” da sunan matarsa. Ba zai dawo aiki ba, kowa ya sani, ba wanda ya furta.

Dogo ya rufe masa shiga rumbu, ya fasa sauran kwaɗunan da ya bari. Ya ce in zo in ga yadda foldar ta yi fes, abin da na daɗe ina so. Na ce ta yi kyau.

Na rubuta sunansa a gurbin nema, ban san dalili ba. Takardu sun fito jere, babu kwaɗo ko ɗaya.

Talata, 25 ga Maris

Zafi yau. Injin buga takarda ya sake cin takarda. Manaja ya amsa gaisuwata da kai.

Ƙaramar Injiniya ta kammala rahoton makarantar, aka ba ni in daidaita shafuka kafin a aika. Tun jiya yake hannuna. Da hantsi ta leƙo: “Anti, kwaɗonki na kan fayil ɗin nan, a sakar mini mana.” Na ce ta bar shi, ban gama ba. Ta tsaya tana kallona, sai ta fashe da dariya ta tafi. Ban ga abin dariya ba.

Shafukan sun daidaita tun jiya, wannan gaskiya ne. Amma a shafi na ƙarshe an rubuta tanki ɗaya, ni kuwa a hoton Baba kamar inuwar wani tankin nake gani a bayansa. Wataƙila ba komai ba ne, ni ba injiniya ba ce. Gobe zan tambaye ta, sannan in mayar.