Tsagar da Na Shafe da Fenti

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, barci ne dai ya ƙaurace mini.

Jibi mai duba gidaje zai zo ya rubuta kalma ɗaya, "habitable". Na duba ƙamus, wai wurin da ɗan Adam zai iya zama. Idan ya ƙi, mu takwas sai titi, kuma ba adireshi ba aiki.

Rufin kankaren ɗakinmu ya tsage, har yatsana yana shiga. Mai gidan, marar imani, siminti da fenti ya miƙo mana. Na zage shi tas, sannan na karɓa na shafe. Katifata tana ƙarƙashin wurin.

Kada Inna ta ji. Ta yi mini addu'a kawai, don ni ban san me zan roƙa ba: ya rubuta, ko kada ya rubuta.

Ƙaninka