Cizon Kuncin Inna

Maradun, cikin watan Sha'aban.

Zuwa ga Yaya Nasidi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe. Mu nan lafiya lau. Baba yana ta fama da sabuwar gonarsa, kullum ƙorafin ruwan dam bai iso ba, amma ƙiba yake yi. Ƙanwarmu Suwaiba ta sauka lafiya a Bakura, an samu mace, ana kiran ta Gimbiya.

Maganar Inna ce ta sa na rubuto, kuma kada gabanka ya faɗi, labarin daɗi ne. Tun da kamfani ya ɗauke ku daga Bakolori zuwa Ikko, miki ya fito mata a cikin kunci da leɓen ƙasa. Wurin ya yi fari, ya kumbura, in ya fara warkewa ya sake fashewa. Tuwo ya gagare ta, sai kunu, shi ma da hawaye. Ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta. Na tsorata ƙwarai, Yaya, ɓoye maka na yi. An sha sassaƙe, an sha rubutu, Gwaggo Hindu kuwa ta rantse jifa ce.

Da ƙyar na ja ta asibitin Mafara. Malamin asibiti ya haska tocila, ya yi murmushi, ya ce sawun haƙoranta ne, ita ke cizon kanta. Inna ta ce ita ba akuya ba ce da za ta zauna tana tuƙa. Ya ce ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri bayan cin abinci, ta bar yaji da tsami da goro da abu mai zafi, in ya ƙi warkewa mu koma. Ya ƙara da cewa mu gano lokacin da take cizon, don in ba ta daina ba, aikin banza ake yi.

Sai na sa mata ido. Da an ambaci sunanka, ko katafila irin wadda kake tuƙawa ta wuce, sai ta kawar da kai, kuncinta ya lotsa ciki. Ashe kunyar ɗan fari ce ke cin ta! Tana so ta tambayi lafiyarka, ba dama, sai ta huce a kan kuncinta. Da na gaya wa Gwaggo, ta yi dariya har da riƙe ciki, daga baya ta share hawaye.

Ita Gwaggon ce ta samo dabara. Duk wanda ya zo da labarinka, sai ta zaunar da shi tsakar gida ta yi ta tambaya da ƙarfi, ko kana cin abinci, ko ruwan can ya karɓe ka. Inna tana gefe tana tsince wake kamar ba ta ji, da asawakin da muka ba ta a baki, tana taunawa maimakon namanta. In ba baƙo, ni nake maimaita wa Gwaggo tsohon labari. To, baki ya warke sarai, alhamdu lillahi. Jiya ta ci tuwon dawa da yaji har ta nemi ƙari.

Yanzu haka tana bakin murhu, kuma ta san wa nake rubuta wa. Na ga kuncin ya fara lotsawa, sai ta sake shi, ta juya mini baya, ta ce wa tukunya a gaya wa wancan mai katafilar in da hali ya zo sallah, mutane suna son ganinsa. Tun da nake ban taɓa jin ta aika maka da ko kalma ba. Yaya, ka zo.

Baba da Gwaggo suna gaishe ka. Ka gaida Taiba, ka shafa mini kan Bello da Sa'adatu. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Nafisatu