Manyan Tayoyin Kawu Mati

Baban Mairo, sallama da fatan alheri. Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka hanzarta, domin sati uku kacal ya rage mini, kaina kuwa ya ɗaure tamau. Na san mutane kan kawo maka maganar aure da ta gado, ni kuwa maganar taya na kawo. Kada ka yi dariya. An ce mini kafin ka kama biro ka shekara da shekaru kana riƙe da sifana, shi ya sa na zaɓe ka.

Ni direba ne a Yelwan Yawuri, ina da 'yar ƙaramar Datsun fara da nake jigila da ita zuwa Koko da Kwantagora. Ba yabon kai ba, duk zuriyarmu ni ne na farko da ya mallaki mota. Masunta ne mu tun kaka da kakanni. A gungu, wato tsibiri, aka haife ni, kafin ruwan Kainji ya haɗiye shi a kwashe mu zuwa wajen Wara. Da na shigo tasha, direbobi suka laƙaba mini suna Mai Jirgi, wai in na juya sitiyari sai ka ce ina neman gaɓa. Na shanye.

To, mu direbobin Yelwa muna da wani wasa da muke yi kowace shekara idan ruwa ya ja baya, ƙasar bakin tafki ta bushe ta yi tauri. Akan jera tsofaffin gangunan mai a murɗe a murɗe, kowa ya shiga da motarsa shi kaɗai, ya bi ta tsakaninsu, ana duba agogo. Ka taɓa ganga, a ƙara maka sakan biyar. Dokar wasan biyu ce: ba a taɓa inji, ba a yanke jikin mota. Yadda kamfani ya yi ta haka za ka shigo da ita. Taya kuwa, kowa ya sa wadda ya ga dama in dai ta shiga.

Bara na shiga a karo na farko, na gama a minti ɗaya da sakan goma sha ɗaya, ko inuwar ganga ban taɓa ba. Magaji, wanda ya shekara uku yana cinyewa, kuma shi ne ya fara kirana Mai Jirgi, ya zo bayana da sakan biyu. Baban Mairo, da ka ga kwanar ƙarshe da na sha! Motar ta kwanta gefe guda, ƙafar baya ta ɗaga sama, fili ya ɗauki ihu. Har yau ana zancenta a tasha. Kofin da na ci yana bisa kabad, mai ɗakina Asibi tana goge shi kowace Juma'a, ni ma in na shigo sai na kalle shi kafin in zauna.

Kawuna Mati, yayan Inna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, yana wurin ran nan. An ce mini daidai wannan kwanar ya juya baya, sai da aka daina ihu ya waiwayo. Na ɗauka rana ce ta dake shi a ido. Albarka kawai ya sa mini, ya shiga jirgi ya koma.

Shekaranjiya waccan ina tasha aka aiko wai in zo bakin ruwa. Na tarar da Kawu zaune a jirginsa, a gabansa tayoyi huɗu manya-manya, kowace da rim ɗinta, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Na babbar Datsun ne, irin ta manyan mutane. Ashe wani ɗan kasuwar kifi ne motarsa ta mutu a Wara, Kawu ya bi shi ya musanya su da kifin bandar da ya tara rani guda. Kuma bai tsaya nan ba. Da hannunsa ya shafe kowane rim da fentin jirginmu, shuɗi da rawaya, launin da duk masuncin tafkin nan in ya hango ya san na gidanmu ne. Ya ce mini jirgi mai faɗin ciki ba ya kifewa, mota ma haka take, waɗancan siraran ƙafafun nawa ba su yi masa ba. Ya ce bana da jirage uku za su zo kallo, har da Inna, wadda ba ta taɓa zuwa ba.

Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba, ya zauna ya yi wa motata tunani. Nan take na kai su wurin abokina Andarawus mai faci, ramukan noti suka dace, muka ɗaura. Motar ta tashi ta yi kwarjini, ka rantse ba ita ba ce. Na zagaya gari sau biyu a hankali, mata na leƙowa, Magaji kansa sai da ya miƙe daga benci.

Washegari da safe muka je fili da Andarawus, muka jera duwatsu a madadin ganguna, ya riƙe agogo. Nan fa daɗin ya ƙare. Tayata ta asali inci goma sha uku ce, lambar faɗinta 155. Na Kawu inci goma sha huɗu ne, 185. Motar da ke zabura in na saki kuloci, yanzu sai ta yi nishi tukuna. A giya ta biyu kamar na ɗauko buhun gero biyar. Sitiyari ya yi nauyi, kuma duk lokacin da na karya kwana sosai sai in ji ƙafar gaba tana gogar madigadi, har ƙaurin roba ya tashi. Sau uku na gwada, mafi kyau minti ɗaya da sakan sha takwas. Muka mayar da tsofaffin, na yi sha biyu. Andarawus ya ce in ina so a ɗan yanke madigadin, na ce ai ka san doka.

Ga damuwata. In na shiga da na Kawu, Magaji zai karɓe kofin a gaban Inna da jirage uku na dangina, kuma na san bakinsa, zai ce masunta sun yi wa mota fenti sun manta ba a ruwa take tafiya ba. In na cire su, Kawu zai sauko daga jirgi ya duba ƙafar mota ya ga baƙin ƙarfe. Ban san da wane ido zan dube shi ba. Ni dai dabarar da ta zo mini ita ce in aika masa cewa ɗaya ta fashe a hanyar Koko, ba a samu irinta ba. Asibi ta ce in na yi haka ba ruwanta, kuma ba za ta ƙara goge kofin ba. Tun jiya gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ina son kofin nan, ba zan ɓoye maka ba, na wahala kafin a daina raina ni a tasha. Kuma ina son Kawu. Ka gaya mini gaskiya: akwai yadda zan yi manyan nan su yi gudu? In babu, ƙaryar nan 'yar ƙarama ta yi muni da yawa?

Naka,
Mai Jirgi, Yelwan Yawuri

Malam Mai Jirgi, amin wa alaikumus salam. Ban yi dariya ba, sai dai na yi murmushi inda ka ce ba yabon kai ba ne, alhali rabin wasiƙar yabon kai ne. Ba laifi, ka cancanta. Wanda ya fito daga gungu ya doke zakaran tasha a shekararsa ta farko yana da ikon ya kalli kofinsa kafin ya zauna.

Mu fara da ƙarfe, shi ya fi sauƙi. Babu yadda za ka yi manyan nan su yi gudu a wannan wasa. Kawunka ya yi gaskiya a gefe ɗaya, domin faɗin taya yana ƙara mata riƙon ƙasa. Matsalar ita ce waɗannan ba faɗi kaɗai suka ƙara ba, sun ƙara tsayi da kusan inci uku, sun ƙara nauyi. Doguwar taya tana sa kowace giya ta yi wa ƙaramin inji tsawo, shi ya sa kake jin nishi a ta biyu. Wasanku kuwa duk tashi ne da birki da kwana, babu miƙaƙƙiyar hanyar da doguwar taya za ta rama. Gogar madigadin nan kuma ba abin wasa ba ce. Ƙarfe yana cin gefen taya ne a daidai lokacin da nauyin mota duka ke kanta. Ko da za su ba ka kofi goma, ban yarda ka shiga da su ba, kuma kada ka bari a yanke maka mota.

Ka tsaya a rim ɗinka na sha uku. In kana son ɗan ƙarin riƙo, nemi 165, ita ce iyakar abin da zan ba ka shawara, kuma ka gwada ta da agogo sau uku kamar yadda ka yi, in ba ta fi ba ka bar ta. Huɗun su zama iri ɗaya, masu zane mai kyau, tunda a ƙasa kuke yi ba a kwalta ba. Ka shafa alli a kafaɗar tayoyin gaba kafin ka shiga. In ka fito ka ga allin ya goge har gefe, tayar tana lanƙwashewa, sai Andarawus ya ƙara iska kaɗan-kaɗan har ta daina. Ka sa a duba noti da boris bayan wannan sauye-sauyen da kuka yi.

Yanzu maganar da ta fi. Ka rubuto mini cewa Kawu ya juya baya a kwanar ƙarshe, ka ce rana ce. Haba Malam. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a tsakiyar tafki rana za ta sa ya juya baya? Ya ga ɗan da ya rena a cikin abin da ya kwanta gefe guda, kuma shi ya san abin da ke biyo bayan irin wannan kwanciya, ya sha gani a ruwa. Kai kana jin ihu, shi yana jiran ƙarar kifewa. Shekara guda ya yi da wannan tsoro, shi ne ya zama tayoyi huɗu. To ka sani, manyan nan sun ɗaga motarka sama da inci ɗaya da rabi, mota kuwa in ta ƙara tsayi ta fi saurin kwanciya. Abin da yake gudu, su ne za su kawo shi kusa. Ka kuma sani cewa ɗaga ƙafar da kake alfahari da ita alama ce ta ka shiga kwanar da wuta fiye da kima. Direban da ya ƙware ƙafafunsa huɗu a ƙasa suke, kuma ya fi sauri.

Ƙaryar fashewa kuwa, ka bar ta. Asibi ta fi ka gaskiya, ka je ka ba ta haƙuri. Ban da zunubi, ka yi tunanin abin da zai biyo baya. Mutumin da ya ba da bandar rani guda don huɗu zai bi garuruwan bakin ruwa yana neman ta biyar, kai kuma kana kallo. Sannan kowa a tasha ya san ba ta fashe ba, Magaji ma ya sani.

Ga abin da za ka yi. Cikin satin nan, ba ranar wasa ba, ka ɗaura manyan, ka tuƙa a hankali har Wara, ƙananan suna cikin but ɗin motar. Bari duk unguwa su ga shuɗi da rawaya a ƙafar motarka, wannan haƙƙinsa ne. Bayan an ci abinci, ka kai shi wani fili, ka jera duwatsu, ka zaunar da shi kusa da kai. Ka zagaya da manyan, ba da ƙarfi ba, ya ji gogar da kunnensa, ya ji kwanciyar da jikinsa. Ka sauya, ka sake zagayawa. Kada ka cika shi da lambobi. Mutumin da ke gane jirgi ya karkata tun kafin ruwa ya shigo ba ya bukatar a yi masa bayani mai tsawo. In ya gamsu, ka roƙe shi ya shafa wa ƙananan rim ɗin fentin nan da hannunsa. Manyan kuma ka mayar masa da ikonsu, shi zai faɗi abin da za a yi da su.

Zai yiwu ransa ya ɗan sosu, ba zan yi maka alkawarin ba zai sosu ba. Amma sosuwar yini guda a gidansa, daga bakinka, ta fi wadda zai kwasa a gaban taro. Kuma ina ganin ka raina Kawunka kaɗan. Dattijon da ya rena yaro har ya kawo ƙarfi, babu ranar da yake jira kamar ranar da yaron zai zaunar da shi cikin ladabi ya nuna masa abin da bai sani ba.

Kofi kuwa na Allah ne, Magaji ma yana da hannu da ƙafa. In ka ci, barka. In ba ka ci ba, ka tabbata dai bana Kawu ya kalli kwanar ƙarshe da idonsa har ka fita. Allah ya tsare, ya ba da sa'a, a gaishe da Inna da Asibi.

Baban Mairo