Tokar da Aka Tara a Gonar Gado

Minjibir, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Abdulrashid,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da na dame ka, na san aiki ya yi maka yawa a Rijiyar Zaki. Ina gaishe ka da Raudatu da yara.

Da ka ce za ka riƙa kawo tsofaffin batura da wayoyin lantarki da matattun tociloli daga Damagaram, a ware su a gefen gonarmu ta gado kafin a kai su kamfani a Kano, ban hana ba. Amma ba ka faɗa min za a yi ƙone-ƙone ba. Ma'aikatanka suna cinna wa wayoyin wuta don su cire jan ƙarfe, su bar toka tsibi-tsibi. Ka san garin nan, ba a ganin toka a wuce. Maƙwabciyata Dorathy ta ɗiba ta zuba wa wakenta saboda ƙwari, yadda kowa ke yi, iyalinta suka ci. Yanzu jikarta tana asibiti.

Don Allah ka zo ka kwashe kayanka kafin ruwa ya sauka.

Yayarka,
Aina'u

Rijiyar Zaki, ranar Talata

Yaya Aina'u,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba yarinyar lafiya, amma wa ya aiki Dorathy? A tsarin da na shirya babu ƙonawa, inji ne zai feɗe wayar, yana hanya. Na sha zirga-zirga tsakanin jami'an kan iyaka na nan da na can kafin su yarda kaya su shigo da izini. Robar za ta koma Nijar a yi bokiti, ƙarfen ya tsaya nan, samari su samu abin yi. Shi ne za ki rushe min don mace ta ɗebi abin da ba nata ba? Gonar nan kashi biyu nawa ne, ɗaya naki, kin fi ni sanin ayar. A nawa kason na zuba.

Ki huta lafiya.
Abdulrashid

Minjibir, ranar Laraba

Abdulrashid,

Bayan sallama, ayar na san ta, ban musa ba. Sai dai ba a taɓa jan igiya an raba gonar ba, ruwan sama kuma bai san kaso ba, gangaren duk rijiyar unguwa yake kallo. Toka kuwa ba a neman izini kafin a ɗebe ta, da ita Inna ta adana waken da ka ci ka girma. Dorathy ba ɓarauniya ba ce, kada ka sake faɗa. Jiya na gaishe ta a hanya ta kau da kai, matar da muke aron turmin juna tun ina amarya.

Na je wurin mai unguwa da Liman. Ranar Juma'a bayan an sauko za a zo da igiya a raba. Na roƙi a ba ni ɓangaren da tokar take, shi ne ya fi lalacewa, ba mai cewa na cuce ka. Ba zan ɓoye maka ba, shi kaɗai ne a bakin hanya, kuma da ya zama nawa motarka ba za ta sake shiga ba. In kana da ja, ka zo ka faɗa a gaban mutane.

Abin da ya rage, ka gaya min inda ake kai irin wannan toka, don ba zan juye wa wani bawan Allah ita ba. Ka ba ni amsa da wuri, hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Wassalam,
Aina'u