Sai An Zo Ɗaukata

Litinin

Auta 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya. Yau zazzaɓin ya sauka. Tarin yana nan, amma ya daina tsaga mini haƙarƙari.

Daga asibiti nake rubuto miki, kada ki tsorata. Ban kira ki ba don kada ki ji yadda nake haki. Murar nan da na ce miki ba komai ba ce, ita ce ta sauka ƙirji. Maƙwabcina Tela ne ya same ni a bakin gado na kasa sa takalmi, ya kawo ni. Likita ta ce ƙwayar cutar irin wadda allura ba ta kashewa ce. Nasu shi ne su ba ni iska ta takunkumi, sauran yaƙin na jiki ne.

Ɗakin cike yake, har baranda an jera gadaje. Na ɗauka ciwon tsofaffi ne, sai ga na kusa da ni direban babbar mota, sa'an mijinki, ya fi ni galabaita. Idan ya samu numfashi sai ya ce, "Baba, kai tsohon inji kana ja, ni sabo na mutu a hanya."

Kada ki zo. Mai goyo ba ta da abin yi a ɗakin nan.

Mahaifinki

Alhamis

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ɗawainiya? Yau na sha shayi, ya kuma zauna.

Nas ta yi mini faɗa. Duk lokacin da likita ta shigo nakan cire takunkumin, in gyara zama, in gaishe ta, in ce da sauƙi. Mu a makaranta haka aka hore mu: ba a yi wa babba magana da rufaffen baki, ba a kuma tarye shi da koke. Nas ta ce, "Baba, bakinka na cewa da sauƙi, na'urar awo da ke yatsanka na ƙaryata ka. Bar mana ladabin nan sai ka warke."

To, ladabin ya yi aikinsa. Likita ta ce Asabar zan koma gida, don masu jiran gado sun yi yawa. Sharaɗinta ɗaya: ba ta sallamar wanda zai kwana shi kaɗai. Ta tambaya wa nake da shi. Sunanki ya zo mini baki, na haɗiye, na ce Tela. Da na kira shi ya ce ko ban roƙa ba, tabarmarsa tana naɗe.

An mayar da direban ɗakin sama na waɗanda ciwonsu ya tsananta, inda ba a shiga. Ɗakin ya yi shiru.

Mahaifinki

Asabar

Auta,

Ina gaishe ku duka. Yau ƙafafuna suna ɗaukata, muddin ban yi sauri ba.

Tun da safe na yi wanka, na sa riga da hula. Gadona an riga an ba wani daga baranda, ni ina kan kujera da jakata a cinya. Da rana ta take na kira Tela, matarsa ce ta ɗauka. Yana kwance tun jiya, jiki zafi. Ya karɓi wayar ya ce, "Da sauƙi, malam, ga ni nan tafe." Tsakanin kalma da kalma ina jin ƙirjinsa. Shi ya riƙa share mini baki ranar da ya kawo ni, da hannunsa, ba ko ƙyalle a fuskarsa.

Nas ta ce idan ba a zo ba, za su nema mini wuri a baranda. Ita za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura miki ta waya.

Ban saba roƙonki ba, Auta. Ki bar jaririya wurin surukarki ki zo, ko ki turo mijinki. Wanda duk ya zo, ya fara bi ta gidan Tela ya kawo shi nan, kada ya saurari abin da zai ce.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

An rufe ƙofar masu dubiya. Tela bai zo ba.