Dakalin da na rushe

Daren Talata, 9 ga Sha'aban, Urafane

Na buɗe littahi, na kasa karanta ko layi guda.

Da sahe na sa diga na rushe dakalin ƙofar gidanmu don moto, wato babur, ya samu hanyar shiga. Inna ta ce, "Ubanka ya gina shi da hannunshi." Na daka mata tsawa, na ce ƙasa ce, ba kabari ba. Wannan baki nawa, Allah ya shirye shi.

Bayan la'asar sai ga Malam Idi, aminin Babana Sani, wanda idonshi ya mutu. Shekara biyu da rasuwar Baba, bai fasa zuwa zama kan dakalin ba. Ya yi ta lalube da sanda, bai taɓa komi ba. Ya ce, "Yaro, ɓata na yi? Gidan Sani nike nema."

Na ce, "Nan ne, Baba." Na ruga na kawo kujerar roba.

Ya shafa ta, bai zamna ba. Ya ce, "Gaishe min da mutanen gidan." Ya juya kamar baƙo.

Gobe zan kwaɓa ƙasa. Amma wanda zan gina nawa ne, ban sani ba ko zai yarda ya zamna kanshi.